Cocin masu Sifaniyanci sun ce in riƙe musu yaran kulob, ni kuma ba na jin yaren

"Yaya sannu da aiki. Ni 'yar Jengre ce, na zo Maryland karatun nas wata takwas ke nan. Cocin Adventist da ya fi kusa da inda nake zama na masu Sifaniyanci ne, can nake zuwa sujada tunda ba ni da mota, akwai wata yarinya da take fassara min wa'azi. Ran nan suka ga ina gyara wa wani yaro ƙullin igiya sai daraktan kulob ɗinsu ya tambaye ni ko na yi Pathfinder, kulob ɗin yara na cocinmu, a gida, na ce e, har ajin Guide. Yanzu sun matsa sai in riƙe musu rukunin 'yan mata guda, wai kuma in shiga ajin Guía Mayor, na horar da shugabanni, da za a fara. Yaya ni fa ban da gaisuwa ba abinda na iya a yarensu. In karɓa ko in ba su haƙuri? In na karɓa ta ina zan fara? Kuma bizar karatu gare ni, ba zai ja min matsala ba?"

Ƙanwata sannu, barka da zuwa kuma Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki, kina tambaya ne ko wanda bai iya yaren ikilisiya ba zai iya riƙe mata 'ya'ya, sannan ko ya dace ki haɗa riƙon rukuni da ajin shugabanci a shekara ɗaya ga karatun nas a kanki, sai kuma maganar biza. A gajarce, ki karɓi yaran, ki ɗaga ajin Guía Mayor zuwa baɗi, kuma kada ki sa yunifom sai an gama tantance ki. Na daɗe ina wannan aiki a cocin masu Sifaniyanci a nan yankin, na riƙe rukuni, na koyar da fareti, na kuma zauna a teburin da ake duba fayil ɗin masu neman zama Guía Mayor, toh bari in faɗa miki dalilaina.

Kulob ɗin da kika sani ne

Abinda suke kira Conquistadores shi ne dai Pathfinder ɗin da kika yi a gida. A Kalifoniya aka fara shi, Fasto John Hancock ne ya zana alamar nan mai kusurwa uku a 1946, babban ofishin ikilisiya kuma ya amince da kulob ɗin ga duniya duka a 1950. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 10 suna cikin Aventureros, 'yan 10 zuwa 15 su ne Conquistadores, sai dai a nan Amurka da ajin makaranta aka fi lissafi, daga aji 5 zuwa aji 10. Azuzuwan shida ne kamar yadda kika sani, Amigo, Compañero, Explorador, Orientador, Viajero da Guía. Amma za ki ji wanda ya taso a Peru ko Ajantina yana kiran na huɗu da na biyar Pionero da Excursionista saboda haka ake kiransu a can Kudancin Amurka, kada ki ɗauka wasu azuzuwa ne daban. Alamomin gwaninta da ake ɗinkawa a ɗamara su ne especialidades, gyalen wuya mai ruwan ɗorawa pañoleta, mai riƙe rukuni kuma in mace ce consejera, wato aikin da suke so su ba ki. Siket ɗin yunifom a nan baƙi ne, ki bar koren da aka saba a wurare da yawa.

Mutanen nan ba baƙi ba ne a ikilisiyar Amurka. Tun 1899 aka kafa cocinsu na farko a wani ƙauye Sánchez a Arizona, inda Marcial Serna, wanda da faston Methodist ne, ya karɓi baftisma ya zama fastonsu na farko. A ƙidayar 2020 'yan asalin ƙasashen Latin sun haura miliyan 62 a ƙasar nan. Kuma abin da nake so ki riƙe shi ne ba kabila ɗaya ba ce. A wajen su Langley Park, Hyattsville da Wheaton 'yan El Salbador ne suka fi yawa, sai 'yan Gwatamala da Honduras, ga kuma 'yan Jamhuriyar Dominika da Peru da Meziko, kowa ya zo da yadda ake gudanar da kulob a garinsu kuma kowa yana ganin nasu ne daidai. Za ki ga gardama a kan fareti kaɗai ta cinye rabin taron ma'aikata. Ke ma da naki kika zo, faretinmu na gida na Ingila ne, a ɗaga gwiwa a buga ƙasa a wurga hannu har kafaɗa, na nan kuwa daga littafin sojan Amurka aka ɗauko shi, ba buga ƙafa. A gasa da littafin konfarens, wato ofishin ikilisiya na yanki, ake ba da maki, shi za ki bi, namu ki ajiye shi sai ranar nuna al'adu, yara suna son sa sosai.

Kin san me ya sa suka matsa miki? Ba wai don ƙullin igiya kawai ba. Yawancin iyayen nan aikin gini suke yi, ko sharar ofisoshi da gidaje, ko kicin na gidan abinci, ko gyaran ciyawa, kuma tunda sun ƙi aiki ran Asabar toh Lahadi ce ranar da suke biyan bashin, ita ce kuma ranar da kulob da yawa suke haɗuwa. Sai ki tarar da yara talatin da manya uku. Rukuni ɗaya bai kamata ya wuce yara 6 zuwa 8 ba, darakta ya san haka, shi ya sa da ya ga wadda ta san aikin ya riƙe ta gam. Buƙatarsu ta gaske ce, amma ita ce kuma take sa a ɗora wa sabon zuwa kayan da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa nake so ke ki shata iyakarki tun farko.

Maganar yare

Wannan da ya fi tsorata ki shi ne ya fi sauƙi. Ki saurari yaran in suna wasa a bayan coci, Turanci suke yi. Uwa ta yi magana da Sifaniyanci, ɗa ya amsa da Turanci, ta maimaita, ya sake amsawa da Turanci. Ke 'yar Jengre kin san wannan, kaka tana magana da yaren Amo jika yana mayar mata da Hausa, yana ji sarai amma bakinsa ya ƙi. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna cikin 'yan Latin da aka haife su aka kuma haifi iyayensu a Amurka kashi 34 cikin 100 ne kawai suke iya hira sosai da Sifaniyanci. Yaran cocinki yawancinsu iyayensu ne suka yi ƙaura, don haka sun fi waɗancan ji, amma karatu da rubutu da tunani duk da Turanci suke yi saboda makaranta. A cikin rukuni da Turanci za ki koyar, kuma za ki ga wasu sun fi sakewa da ke a kan manyan da suke tilasta musu yaren gida.

Amma akwai abubuwan da dole ki haddace, don a buɗe taro da rufewa Sifaniyanci ake yi. Alkawarin kulob da dokarsa, su ne Voto da Ley, da waƙar kulob, da gajeriyar addu'a guda, da umarnin fareti, firmes, descanso, media vuelta, de frente marchen, alto. Sunayen ƙulli ma haka, nudo llano, as de guía, ballestrinque, hannunki ya riga ya san su, suna ne kawai sabo. Ki rubuta su a ƙaramin kati ki sa a aljihun riga, ki ce yaran su gyara miki furuci, babu abin da yake jawo yarinya 'yar shekara 11 kusa da babba kamar ta ga ita ma tana da abin koyarwa. Furucin ba zai wahalar da ke ba, wasulansu biyar ne irin namu, ga harshenmu ya saba da kaɗa r.

Sai yaran da suka zo ba da daɗewa ba, waɗanda ba su da Turanci tukuna. A kowace shekara ana samun ɗaya ko biyu, shiru-shiru a ƙarshen benci. Wasu daga tsaunukan Gwatamala ma Sifaniyancin yare na biyu ne a gidansu, Mam ko K'iche' ake yi, sai yarinya ta zama baƙuwa sau biyu, sauran yara suna dariyar maganarta. Irin wannan ki haɗa ta da wata mai haƙuri, ki fara da aikin hannu, kafa tanti, hura wuta, ɗinki, inda ba a buƙatar dogon bayani, sau da yawa ita ce za ta fi kowa iyawa don ta yi su a ƙauye da gaske.

In kulob ɗin yana shiga gasar Littafi Mai Tsarki ta Pathfinder Bible Experience, ki tambaya tun farkon shekara da wane yare ƙungiyar za ta amsa. Yara shida ne a ƙungiya, tambayoyi 90, kuma kalma da kalma ake bi. Na Turanci New King James ne, na Sifaniyanci Reina-Valera ta 1995, alhali wadda take hannun yawancin iyaye a gida ta 1960 ce. Uwa ta zauna dare da dare tana taya ɗiyarta hadda daga tata, a je gasa kalma ɗaya ta bambanta a rasa maki, abin tausayi ne kuma abu ne da tambaya ɗaya take hanawa.

Ki shiga ta ƙofa

A gida in dattijo ya ce wance ta riƙe yara shi ke nan an gama. Nan ba haka ba ne, kuma ni ina ganin tsarin nan ya fi, yana kare yaro yana kare babba. Littafin ƙa'idar ikilisiya ya ce sabon zuwa sai ya yi wata shida kafin a ba shi yara, ke kin cika in dai tun zuwanki kike wurin. Sannan akwai binciken tarihin mutum da ake yi ta intanet ta kamfanin Sterling Volunteers, da gajeren horo a kan kare yara, ana sabuntawa duk shekara uku. Tunda ba ki daɗe a ƙasar ba ki tambayi ofishin matasa na konfarens yadda suke yi da wanda tarihinsa yake waje. Ko darakta ya ce ki fara kawai daga baya a cika, ki ce a'a cikin ladabi, ki zauna gefe kina kallo har takarda ta fito. Ki kuma ga magatakardar coci yau yau ta fara neman wasiƙar canjin membanki daga gida, yana ɗaukar watanni, kuma za ki buƙace shi gaba.

Dokokin da ba a ɗaga ƙafa a kansu: manya biyu a duk inda yara suke, ƙofa a buɗe, kada ki ɗauki yaro shi kaɗai a mota, kada ki yi hira da yarinya a waya ke da ita kawai, duk saƙo ya bi ta gurup ɗin da iyaye ko wani babba yake ciki. Ba a fita da yaro ko nan da can sai da fom ɗin izini da na lafiya da sa hannun iyaye. Motar nan mai ɗaukar mutum 15 ikilisiya ta hana amfani da ita saboda saurin kifewa, ko wani ɗan'uwa ya ba da tasa kyauta. Horo irin namu kuma ki manta da shi gaba ɗaya, ba bulala, ba jan kunne, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso a rana. Za ki tarar wasu manyan su ma da irinsa suka taso a ƙasashensu, wani ma zai ce a sa yaro motsa jiki don ya makara, kada ki bi. Kuma in yarinya ta faɗa miki wani yana taɓa ta ko ana dukanta a gida, dokar Maryland ta ɗora wa duk wanda ya yi zargi ya kai rahoto ga hukuma, faɗa wa fasto kaɗai bai wadatar ba. Kada ki taɓa yi mata alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba.

Iyaye

Nan ne aikin yake, nan ne kuma rashin yaren zai ɗan ciza. Yara da Turanci za ki same su, amma iyaye su ne masu sa hannu, su ne masu kawo yaro da safe, su ne za su yarda ko su ƙi 'yarsu ta kwana a daji da wata baƙuwa da ba su san gidansu ba. Amanarsu ba da jawabi ake samunta ba. Ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana a gida, hermana wance, hermano wane, babba kuma usted ake ce masa, kalmar girmamawa, kada ki yi masa tú irin na sa'anni ko da kin ji yaransa suna yi. Ki zauna cin abinci bayan sujada kada ki gudu, ki ɗauki soso ki taya wanke tukwane. Ran da za a yi pupusa, wainar masara mai ciko, na sayarwa don tara kuɗin kulob ki je da sassafe. Za ki tarar da mata sun kewaye tebur, ga kwaɓin garin masara a babbar roba, ga wake da cuku a gefe, kowacce ta tsoma hannu a ruwa da mai ta gutsuro ta yi rami da yatsa ta cusa ta rufe, sai tafi tsakanin tafuka biyu ta-ta-ta har ya baje, ta jefa kan farantin ƙarfe mai zafi. Naki na farko zai fashe cukun ya tsiyayo, wata tsohuwa za ta kama hannunki ta nuna miki, kuma daga ranar kin tashi daga baƙuwa kin koma wadda aka san hannunta. Yawancin izinin kwana a daji da na taɓa samu daga iyaye masu taurin kai a irin wannan tebur aka fara shi.

Maganar 'yan mata da kwana a waje tana da nauyi a wurinsu kamar yadda take a wurinmu. Uba zai ce namiji ya je, mace a'a. Kada ki yi gardama da shi, kada kuma ki zuga yarinyar. Abin da na ga yana aiki shi ne a gayyaci uwar ta zo a matsayin mai girki, a yi mata tantancewar ita ma, ta ga da idonta inda tantin mata yake da inda na maza yake da masu gadin dare. In ta je sau ɗaya, shekara mai zuwa ita ce za ta lallashi sauran.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili. A cikin iyayen nan akwai 'yan ƙasa, akwai masu takardar zama, akwai waɗanda shari'arsu take kotu, akwai marasa komai, wani lokaci a gida ɗaya. Tun Janairun 2025 da gwamnati ta janye ƙa'idar da take hana jami'an shige da fice kame a wurare irin su coci da makaranta tsoro ya ƙaru. Za ki miƙa wa uwa fom a wurin ajiye motoci ta juya shi gaba da baya ta tsaya a layin adireshi da na inshorar lafiya, ta ninke ta sa a jaka ta ce sai mako mai zuwa, mako ya zo bai dawo ba. Ba raini ba ne. Kada ki tambayi yaro ko iyayensa maganar takardu, ba aikinki ba ne. Ki sa darakta ko wata babba da suka yarda da ita ta bayyana musu wa yake ganin fom ɗin da inda ake ajiye shi, kuma fom ɗin ya kasance da yare biyu. Kada ki sa hoton yara a Facebook ɗinki ko ki tura gida a WhatsApp ba da izini ba, na san zuciya tana so a nuna wa mutanen gida, ki daure. In an shirya tafiya mai nisa wani gida suka ce ba za su ba, ki karɓa haka ba tare da neman dalili ba, ki tabbata yaron bai ji an ware shi ba. Sannan kada ki sa yarinya ta yi miki tafinta da uwarta a kan laifin da ita ta yi ko maganar kuɗi ko lafiya, ki nemo babba.

Wani zai kira ki morena saboda launin fata. A bakin da yawa ba zagi ba ne, haka suke kiran junansu. Amma in ya dame ki ki faɗa, in kuma kin ji yara suna yi wa wata ba'a da launi ko da yaren ƙauyensu ki tsayar da shi nan take.

Dalilin da na ce Guía Mayor ya jira

Guía Mayor shi ne Master Guide, matakin shugabanci mafi girma da ake ɗaura wa mutum gyale a kansa a hidimar kulob. Sharuɗɗan a nan: ki zama memba mai baftisma, kwamitin coci ya ba da takardar shaida a kanki, aƙalla shekara 16 kafin a fara, aƙalla 18 kafin a gama, ki riga ki yi horon farko na ma'aikata, kuma a kammala cikin shekara ɗaya zuwa uku. A ciki akwai karatun Littafi Mai Tsarki, nazarin koyarwar ikilisiya 28, tarihin ikilisiya, wasu littattafan Ellen White, tarurrukan bita a kan shugabanci da yadda yaro yake girma, gwanintar ba da labari da ta zaman daji, satifiket na taimakon gaggawa, sannan ki ɗauki yara ki bi da su aji guda har ranar ɗaura musu alama. Duk wannan ana tara shaidarsa a fayil da suke kira carpeta. In ajin cocinku ne da Sifaniyanci za a yi shi, tattaunawa ce ta manya mai zurfi, za ki zauna kina gyaɗa kai a sa miki hannu. Ga wasiƙarki ba ta iso ba, ga zuwa asibiti koyon aiki da zai fara cinye miki ƙarshen mako.

Na duba carpeta da yawa, kuma tun shafin farko ake gane wanda ya yi aikin da wanda ya bi sa hannu. Abin yana damuna ƙwarai, don mai gyale da tarin alamomi da bai taɓa kwana da yaro mai zazzaɓi a tanti ba shi za a naɗa darakta gobe. Ba na so ki zama haka, kuma daga yadda kika yi tambayar na san ke ma ba kya so. A bana ki yi horon farko na ma'aikata, wajen awa 10 ne, konfarens suna shirya shi a taron shugabanni na ƙarshen mako kuma a yankinmu akan samu da yare biyun. Ki sayi littafin Master Guide na Turanci daga AdventSource, masu sayar da kayan hidimar ikilisiya, ki fara karatun da kanki a hankali. Satifiket ɗin farfaɗo da numfashi da makarantar nas za ta sa ki yi, ki nuna wa mai kula da ajin ko zai karɓa. Baɗi sai ki shiga, ki nemi izinin rubuta aikinki da Turanci, a lokacin kunnenki ya buɗe.

'Yan shekara 15 zuwa 17

In da abu ɗaya zan roƙe ki, wannan ne. Ke karatu ya kawo ki, wata rana aiki ko aure ko gida zai ɗauke ki, kulob ɗin kuma zai koma yara talatin da manya uku in ba a tayar da na cikin gida ba. Kuma na cikin gidan suna nan, su ne waɗanda suka gama ajin Guía suna zaune a bencin baya da waya a hannu. Wa'azi da yaren da suke ji rabi-rabi, in sun yi magana a gyara musu nahawu a gaban jama'a, cocin Turanci kuma ba su saba da shi ba, daga nan sai a daina ganinsu. Su ne suka fi kowa cancantar riƙe kulob ɗin, suna da yare biyu, sun san gidajen, ƙananan suna kallonsu.

Akwai tsari dominsu, Teen Leadership Training, ana ce masa TLT, na 'yan aji 9 zuwa 12, inda matashi yake zagaya sassan aikin kulob, gudanarwa, koyarwa, shirya fita, ajiye bayanai, hidimar jama'a, kowanne da babba mai yi masa jagora. Ki tambayi darakta ko suna yi. In ba sa yi ki ce a ba ki mataimakiya ɗaya daga cikinsu, wataƙila ma yarinyar da take fassara miki wa'azi. Ita ta zama bakinki wurin iyaye a al'amuran yau da kullum, ke kuma ki koya mata riƙon rukuni, amma da gaske, ba ɗaukar jaka da rarraba takarda ba. Ki ba ta minti goma sha biyar ta koyar da ƙulli, ki zauna da ita kafin nan ku tsara, bayan nan ku duba abin da ya tafi daidai da wanda bai tafi ba. Ta rubuta jerin abincin kamfori, wato zangon da kulob-kulob suke haɗuwa su kwana a tanti, ta lissafa kuɗin. In ta manta gishiri ki bari a ci haka a wannan karon. Kada ki gyara ta a gaban yara. Ki tuna ita ma yarinya ce a doka, ba ta cike gurbin babba na biyu. A cikin rukunin ma akwai capitana da secretaria, wato shugaba da magatakarda daga cikin yaran, ki riƙa juya su duk 'yan watanni don mai shiru ma ta ɗanɗana tsayawa a gaba. Wasu dattawa za su ce yaran nan ba su isa ba, ke da yake ba ki cikin tsohuwar gardamarsu kina iya faɗin abin da ɗan gida ba zai iya ba, ki faɗa da ladabi a taron ma'aikata.

Kuɗi kuma ki yi hankali da aljihunki. Yunifom, alamomi, rajista, tanti, duk suna ci, kuma tausayi zai sa ki fara saye da kuɗin makarantarki. Ki tambaya ko akwai kason kulob a kasafin coci, ki kawo shawarar akwatin tsofaffin yunifom da yara suka fi ƙarfinsu. Za ki ji suna ta labarin babban kamfori na duniya da ake yi duk shekara biyar, daga 1999 zuwa 2019 a Oshkosh ta jihar Wisconsin, na 2024 kuma a Gillette ta Wyoming inda mutum wajen 60,000 suka taru har guguwa da ruwa suka jiƙa tantuna. Kulob yakan yi shekaru yana tara kuɗinsa. Ba shi ne gabanki yanzu ba, na konfarens na ƙarshen mako ya ishe ki.

Biza

Ni ba lauya ba ne. Abin da aka sani shi ne aikin sa kai na gaske a coci, wanda kowa kyauta yake yinsa, ba ya cikin aikin da aka hana mai bizar karatu ta F-1. Inda ake shiga matsala shi ne karɓar wani abu a madadinsa, kuɗi, katin sayayya, ko a ce ki zauna a ɗakin wani ɗan'uwa kyauta saboda kina riƙe yara. Ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku imel ki bayyana abin da za ki yi, ki ajiye amsarsu. Duk abin da na faɗa kuma daga cocin Adventist na wannan yankin ne, wanda yake cocin Katolika ko Assemblies of God mai Exploradores del Rey ya bi tsarinsu, kuma ko a namu in konfarens ɗinku ya faɗi wani abu daban nasu za ki bi.

Asabar mai zuwa ki samu darakta tare da mai fassara babba, ki ce masa kin karɓi rukuni ɗaya na shekara ɗaya da sharaɗin tantancewa da babba na biyu da mataimakiya daga matasa, Guía Mayor kuma sai baɗi. Ki karɓi kalandar kulob ta shekara ki ajiye gefen ta makaranta, duk inda kamfori ya faɗo a makon jarrabawa ko ranar asibiti ki faɗa masa tun yanzu ya nemi wadda za ta kwana da yaran.